Igiyar da Ban Kwance Ba

Gidanmu shi ne na ƙarshe kafin dutse. In ka baro Roni ka nufi wajen Gwiwa, ka sauka daga kwalta ka bi wata 'yar hanyar shanu, za ka wuce ƙauyen, ka wuce maƙabarta, sannan ka hango rumbuna uku da wata tsohuwar tsamiya. To nan ne. Bayan tsamiyar babu kowa sai duwatsu da abin da ke cikinsu. 'Yan birni suna cewa wai kura ta ƙare a ƙasar nan, sai dai a labari. Ina jin su nake yin shiru, don in na buɗe baki ba za a ji da daɗi ba. Su zo su kwana biyu da tumaki a gindin dutsen nan cikin bazara, sannan mu yi magana.

Baba malamin gona ne. Da ya yi ritaya sai ya ce shi ya gaji da hayaniyar Kazaure, ya ɗauki Inna ya koma filin kakanninsa, ya tara tumaki da awaki da 'yan shanu huɗu. Shekarar farko dila ya gama da kajin Inna tas. Kafin damina ta faɗi, kura ta fasa shinge ta ja tunkiya mai ciki. Wata ranar kasuwar Babura sai ga shi ya dawo da buhu a bayan babur, buhun yana motsi. Wani makiyayi da ke tsallakowa da shanu daga Nijar ne ya ba shi ɗan kwikwiyo, irin manyan nan nasu masu faɗin ƙirji, an riga an datse masa kunnuwa don kada abin daji ya sami wurin kamawa.

Lokacin ina gida, na zo wankan haihuwata ta fari, ba ni da aikin yi sai shan kunun kanwa da kwanciya. Ni na riƙa jiƙa masa ƙanzo da tsala a wani fasasshen kasko, ni na riƙa cire masa kaska da tsinke. Shi ya sa har ya girma mutum uku kawai yake yarda su kama wuyansa, Baba da Inna da ni. Ya zama ƙato, wallahi in ya tsaya kusa da ɗan maraƙi sai ka sake dubawa. Ba a taɓa sa masa suna ba. Baba ya ce shi ba zai raɗa wa kare suna ba, fito kawai yake yi masa. Inna kuwa ɗan banzan nan take ce masa, kuma duk loma mai kyau da ta rage a tukunya tasa ce.

Akwai muzurun Inna, ja, mai kai kamar ƙwarya. Shi wannan ɗan gata ne. Ya hau gadon Inna, ya sha ruwan da Baba ya zuba zai yi alwala, ya kwanta a kan buzu, ba mai cewa kanzil. Karen kuwa shekara takwas bai taɓa tsallake bakin zaure ba, ya san iyakarsa. Amma in rana ta faɗi sai muzurun ya bar duk wannan gatan ya fita bayan shinge, ya shige tsakanin ƙafafun karen na gaba ya lafe. Wayo gare shi. Ya san a duk faɗin wurin nan babu inda dila ba zai iya taɓa shi ba sai nan.

Kada wani ya ɗauka karen kashe kura yake yi. Kare ɗaya ba ya kashe kura, duk girmansa. Aikinsa shi ne ya hana ta sukuni. Ya zagaya ta nan, ya ɓullo ta can, ya cije ta a ƙafar baya ya zille, ya shige ƙarƙashin rumbu in ta matsa masa, ya fito ta wancan gefen yana haushi har gida ya tashi. Ƙafafunsa su ne makaminsa. Sai kuma wata fata mai kauri da Baba ya sa wani baduku a kasuwar Roni ya ɗinka masa, an jera mata ƙusoshi masu tsini suna kallon waje, ana ɗaura masa a wuya. Sau biyu ya dawo da asuba jina-jina, amma maƙogwaronsa lafiya lau. Tun da ya kawo ƙarfi ba a sake jan dabba ko ɗaya daga garken nan ba.

Sai na faɗi yadda muke da Inna, in ba haka ba ba za a gane sauran ba. Ni ce 'yar fari, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, ba sassauci. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon idona in tana magana. In tana son in yi abu sai ta fuskanci bango ta ce, "A duba tukunyar nan," ni kuma na san da ni ake. Da ina yarinya abin yana ƙona mini rai, har na taɓa yi mata rashin kunya a kai, ta yi kamar ba ta ji ba. Baba ne ya ja ni a jiki. Da yake ƙanena bai zo ba sai bayan shekara tara, ni ce nake riƙe masa ragon layya tun muna Kazaure, kuma ni kaɗai ya koya wa wani ɗauri nasa da yake yi wa rago mai fizga. Ɗauri ne wanda duk yadda dabba ta ja, ƙara cijewa yake yi. Ina alfahari da ɗaurin nan, har gasa nake yi da maza.

Baba ya faɗi ne a tsakiyar bazara, hawan jini. Muka kai shi asibiti a Kazaure, ya yi kwana biyar. Rana ta huɗu bakinsa ya ɗan saki, ya kira ni da ƙanena.

"Na san ku," in ji shi. "Ina rufe ido za ku ce ta dawo gari."

"Haba Baba, wa yake maganar rufe ido?" in ji ƙanena.

"Yi mini shiru. Uwarku ba ta son gari, a can take numfashi. Muddin karen nan yana nan, ba abin da zai same ta. Ku bar ta a ɗakinta."

Na ce masa na ji, kuma na ɗauka. Washegari bayan la'asar ya cika.

Aka kai shi gida aka yi masa sutura, aka fara zaman makoki. To ga jama'a, ga malamai, ga tsofaffi masu sanda, ba yadda za a yi a bar ƙaton kare yana yawo a cikinsu. Ranar farko na zura igiyar rama a fatar wuyansa na ɗaure shi a gindin tsamiya, da mutane suka watse bayan magariba na sake shi. Rana ta biyu da safe na sake ɗaure shi haka. Ashe yana ta jujjuya wuya, ƙusoshin nan suna cin igiyar a hankali. Wajen hantsi, zaure cike da mutane ana tsakiyar addu'a, sai ga shi ya shigo. Shi da bai taɓa tsallake bakin zauren ba. Bai yi haushi ba, bai kalli kowa ba, ya bi ta kan tabarmi yana shinshina har ya kai kusurwar da Baba yake shimfiɗa buzunsa, ya kwanta ya ɗora kai a ƙasa.

Tirƙashi! Zaure ya yamutse. Wannan ya tattare riga, wancan ya yi tsalle ya taka buta, liman ya manne da bango yana salati. Baffa, ƙanen Baba, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya leƙo cikin gida yana huci.

"Ke! Wannan wane irin wulaƙanci ne? Gidan mutuwa, a gaban malamai? Zo ki fitar da ƙazamin abin nan, in ba haka ba yanzu in aika a kira maharbi."

Na yafa mayafi na shiga cikin maza, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na kama wuyansa na ja, ya ƙi tashi. Sai da na yi masa fito irin na Baba sannan ya miƙe da sauri yana dube-dube, kuma wannan duban da ya yi har yau yana cina. Na ja shi bayan shinge, wajen wani turken ƙirya da Baba ya kafa don ɗaure bijimi. Raina a ɓace, rabi da Baffa, rabi da karen da ya ja mini magana. Na ce yau sai in ga ta inda za ka kuɓuce. Na kwance fatar mai ƙusoshi na rataye ta a kan shinge, tunda ita ce ta yanke igiyar. Na ɗauko igiyar bijimin, mai kaurin gaske, na sa masa a wuya tsirara, na ɗaure ta gajere a jikin turken da ɗaurin Baba. Da yamma na zo na kwance shi, na mayar masa da fatarsa, na ba shi abinci bai ci ba. Da asubar rana ta uku na sake cire fatar na ɗaure shi yadda na yi jiya.

Ranar sadakar uku ba a magana. Mutane daga Gwiwa, daga Kanya Babba, abokan aikin Baba daga Kazaure, har dangin Inna na tsallaken iyaka. Tun duhun asuba muke kan dakan gumba da suyar waina, ban zauna ba, ban sa komai a cikina ba. Ana idar da magariba, na ce bari in ajiye kwanukan nan in je wajen kare, sai aka ce Baffa yana kira. Na same shi a tsakar gida da ƙanena. Ya ce ya yanke shawara, gobe za a kwashe dabbobi a kai cikin ƙauye, Inna kuma ta koma gidansa ta yi takabarta a can, in ta gama a wuce da ita Kazaure. Mace ba za ta zauna ita kaɗai a bakin daji ba.

Ni kuwa abin nema ya samu. Duk baƙin cikin kwana uku na juye masa. Na ce Baffa, da girmanka, amma ba a yi haka ba. Na ce mai takaba a ɗakin mijinta take zama, kai ka fi ni sani. Na ce Baba da bakinsa ya ce a bar ta, ga ƙanena nan shaida. Na ce shekara takwas ko ɗan akuya ba a ɗauka ba a gidan nan, saboda karen da kake kira ƙazami. Ya ce in rufe masa baki, na ƙi rufewa. Ya tashi ya fita sallar isha yana cewa Baba ne ya lalata ni.

Na kwashi kwanuka zan wuce madafa. Daidai ƙofar ɗakin Inna na ji muryarta daga ciki, a hankali, irin yadda take yi wa bango magana.

"An kwance shi?"

"An kwance," na ce.

Wallahi ban yi niyyar ƙarya ba. A raina na riga na tafi, kwanukan nan kawai zan ajiye. Ban so ne ta ji cewa har isha yana ɗaure, ta ƙara damuwa a kan wadda take ciki. Ina ajiye kwanukan Baffa ya dawo daga masallaci da wasu dattawa biyu, wai su yi mini nasiha. Aka sake sabon zama. Na yi ta kare karen nan da bakina, ina rantsuwa da amincinsa, ina lissafa irin faɗan da ya yi, shi kuwa yana can bayan shinge a ɗaure da igiyata. Daga ƙarshe dattawan suka ce a bar Inna ta yi takabarta a ɗakinta, a ga yadda hali zai yi. Na ci nasara ke nan. Na shiga ɗaki na fashe da kuka, na ce bari in ɗan miƙe bayana kafin in fita. Ban san inda kaina yake ba sai da na ji kiran assalatu.

Na farka da faɗuwar gaba, tun kafin in tuna dalili. Da na tuna, ko takalmi ban sa ba. Na tarar da maza uku tsaye bayan shinge da sanduna, sun yi cirko-cirko. Ƙasar da ke kewaye da turken ta zama kamar an yi huɗa, da'ira guda, daidai tsawon igiyar. Sawun kura ya shiga ya fita ta ko'ina. Ba zan faɗi yadda na same shi ba. Abin da zan faɗa shi ne igiyar, ya tauna ta har ta wuce rabi, kaɗan ya rage. Ɗaurina kuwa yana nan daram, ya cije turken fiye da yadda na bar shi. Fatar mai ƙusoshi tana rataye a kan shinge, taku huɗu daga inda yake.

Dabba ko ɗaya kurar ba ta taɓa ba. Me za ta yi da tsallake shinge, an ɗaure mata nama a waje?

Gwaggo, yayar Baba, ita take kwana da Inna, kuma ita ta ba ni labarin daren daga baya. Ta ce haushin ne ya tashe su. Inna ta miƙe zaune tana saurare, can sai ta zabura ta nufi ƙofa. Gwaggo ta riƙe mata zane ta ce ina za ki, kin manta halin da kike ciki? Mai takaba ta fita bayan shinge cikin dare? Aka aika a taso mazan da suka kwana a zaure. Kafin su farka, su nemo tocila, su gama gardamar wa zai shige gaba, an yi shiru. Suka ce a bari gari ya waye. Ni kuwa ina ɗakin da ke kusa, ban ji komai ba.

Baffa ya zo ya duba, ya ce, "Allah ya kyauta. To, kare ne dai." Na yanke igiyar ta wajen wuya, na karɓi shebur a hannun ƙanena na haƙa rami a gindin tsamiya da kaina. Ƙanena ya zaro wuƙa zai yanke sauran igiyar daga turken, sai Gwaggo ta leƙo ta kan shinge ta ce Inna ta ce a bar igiyar nan a wurin. Mutane suka ɗauka mantuwa ce irin ta ranar taro, kowa yana cewa ai hidima ta yi yawa. Ba wanda ya san an tambaye ni na ce an kwance, sai ni da Inna. Na shiga gaishe ta ina jiran ta ce wani abu, ko ta zage ni in ji sanyi. Ta amsa gaisuwar tana kallon carbinta, ta ce a ba baƙi abin kari kafin su kama hanya.

Wata huɗu da kwana goma. Na koma bakin aikina na koyarwa a Kazaure, amma duk Juma'a in an tashi sai in hau ɗan acaɓa in tafi, in kwana biyu. Kowane zuwa sai na tarar an rage wani abu. Da farko kaji, ɗaya bayan ɗaya, dila har da rana tsaka yake zuwa. Sai ɗan tunkiya. Na shiga neman kare kamar mahaukaciya. Na samo wani a cikin ƙauye, daren farko da ya ji kukan dila ya shige ƙarƙashin rumbu, da safe ya koma gidan su da gudu. Na je Babura har sau biyu ina tambayar makiyayan Nijar, aka ce sun yi arewa da shanu, sai kaka. Ko da na samu ma kwikwiyo ne, sai ya shekara biyu kafin ya zama wani abu. Da kura ta fasa shinge ta kashe akuyar da Inna take tatsa, Baffa ya zo da mutane ya kora sauran dabbobin cikin ƙauye. Ya kalle ni yana jiran in yi masa irin ta rannan, na sunkuyar da kai.

Muzurun ne ya fi ba ni tausayi, ya kuma fi ba ni haushi. Duk faɗuwar rana sai ya fita bayan shinge ya je gindin turken ya zauna. Inna ta sa a riƙa rufe shi a ɗaki, ya yi ta yakushin ƙofa yana kuka har a gaji a buɗe. Na taɓa ɗauko shi daga can ina yi masa faɗa kamar mutum, na ce kai wawa ne? Wa kake jira? Ya yakushe ni a hannu ya koma. Da damina ta zauna gero ya yi tsayi har bakin shinge, abin daji ya sami wurin ɓuya. Wata Juma'a na iso na ga kaskonsa a kife. Gwaggo ta ce kwana uku ke nan ba a gan shi ba. Na bi kunyoyin gero ina kira, na sami jan gashi a warwatse a wani wuri da ƙasa ta tumurmushe. Na rufe da ƙafa, na dawo na ce ban ga komai ba.

Daren nan na ji Inna tana magana da Gwaggo. Ba kuka take yi ba, Inna ba ta kuka a gaban mutane. Cewa ta yi gidan ya yi shiru da yawa, ko ɓera ya motsa sai ta ji. Ta ce in ta fita takaba, a gaya wa yaran nan su zo da mota.

Na so in yi murna da ta haƙura, don ni ma tsoro nake ji a kanta. Amma na san abin da na yi. Baba ya bar mata abu ɗaya da zai riƙe ta a ɗakinta, ya damƙa mini amana, ni kuma na ɗaure abin nan da hannuna na cire masa kariya na tafi na yi barci. Duk wata huɗun nan ban iya zuwa bayan shingen ba sai in ya zama dole, kuma in na je ba na kallon turken. Sau nawa ina shirya maganar a kan babur, in ce yau zan faɗa mata, in na shiga ɗakin sai in tsaya a gaisuwa.

Ranar da ta fita takaba aka yi 'yar sadaka. Washegari ƙanena ya zo da motar ɗaukar kaya, aka loda gado da akwatuna da tukwane, aka ɗaure. Azahar ta yi, direba yana ta duban sama don hadari ya haɗo ta gabas. Aka nemi Inna aka rasa. Na zagaya na same ta bayan shinge, karo na farko da ta taka wurin tun rasuwar Baba. Tana tsaye a gaban turken, fatar nan mai ƙusoshi a hannunta, duk ta yi tsatsa. Ciyawa ta rufe da'irar. Igiyar ta sha ruwan damina ta yi baƙi, ta kumbura.

Ta juyo ta kalle ni. Cikin ido, abin da ban saba gani ba.

"Ke," ta ce. "Zo ki kwance igiyar nan. Ke kika iya ɗaurin."

Na durƙusa a gaban turken. Ɗaurin ya zama kamar dutse, ga jan da ya sha a daren nan, ga ruwan wata huɗu. Na sa farce, farcen ya karye. Ƙanena ya biyo mu yana cewa hadari fa, ya miƙo mini wuƙa.

"Ba da wuƙa ba," in ji Inna. Ya mayar da ita aljihu ya koma wajen mota.

Na ci gaba da fama, hawaye yana hana ni ganin inda bakin igiyar ya shiga. Ban ɗago ba na ce, "Inna, ranar nan da kika tambaya, ban kwance shi ba. Ƙarya na yi miki."

"Na sani tun daren," ta ce. "Shekara takwas ina jin haushinsa yana zagaya gida. Rannan daga wuri ɗaya yake fitowa."

Na ce ta yafe mini. Na ce ni na raba ta da ɗakinta, ni na ci amanar Baba, ta faɗa mini duk abin da ta ga dama. Sai ta gyara zane ta zauna a kan ciyawa kusa da ni, ta ɗora fatar a cinyarta.

"Ba don in tuhume ki na kira ki ba," ta ce. "Ba na so ne in tafi in bar shi a ɗaure."

Direba ya yi ta danna oda, yayyafi ya fara sauka. Inna ba ta motsa ba, ni ma ban tashi ba. Na samo tsinken ƙirya na riƙa zura shi cikin ɗaurin ina sassautawa kaɗan kaɗan, yatsuna suna jini. Sai da aka kira la'asar a cikin ƙauye sannan bakin igiyar ya zame. Na warware ta daga turken na miƙa mata. Ta naɗe ta a hannu tare da fatar, ta dafa kafaɗata ta miƙe, muka nufi mota.